Babi na Shida: Fuskarka Ta Riga Ka Isa Abuja

Duk wanda ya tashi daga Kano ya nufi Babura ta hanyar Kunya, sai ya ratsa Kanya Babba. Titi ne na motocin haya da ake cusa wa fasinja har gaba ta ɗauki biyu, da a-kori-kura masu jigilar gero da riɗi da zoɓo, da babura masu goyon mutum uku. In ka wuce Babura kaɗan ka kai bakin iyakar Nijar. Idon da matafiyi ya saba da shi a wannan hanya na ɗan Adam ne: ɗan sanda a shinge yana haska tocila cikin mota, jami'in kwastan yana lallatsa buhu, kamasho a tasha wanda ya san motar da ta tashi da waɗanda ta ɗauka. Saboda haka in ka tayar da zancen kyamarar titi mai gane fuskar mutum a wata majalisar hira a garin, ba mamaki a ce maka wannan damuwar mutanen Legas da Landan ce, mu nan taki da ruwan sha ne a gabanmu.

Maganar ta fi haka kusa da mu. Na'urar gane fuska abu biyu take bukata. Na farko ido, wato kyamarar da za a ɗaura a kan falwaya ko a shatale-tale. Wannan mai sauƙi ne, kwangila ɗaya ce, cikin 'yan makonni an gama. Na biyu shi ne rumbun da aka tara fuskokin jama'a a ciki, kowace fuska da sunan mai ita, da ranar haihuwarsa, da garinsu, da lambar wayarsa. In babu wannan rumbu, iyakar abin da kyamara za ta gani shi ne wani mutum mai shuɗiyar hula ya wuce. Wannan na biyun shi ne mai wuya, shi ke cin shekaru da biliyoyin kuɗi, kuma shi ne muka riga muka cika da kanmu, muna bin layi cikin rana.

A 2011 aka fara rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsa. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN. A Disambar 2020, lokacin da Sheikh Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba su haɗa ba. Tun 2021 yaro ba ya zana jarrabawar JAMB sai da NIN. Kafin 2023 ta ƙare, waɗanda hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta yi wa rajista sun haura miliyan 100.

Wanda ya taɓa raka tsohuwarsa wurin rajistar ya san yadda abin yake. Ɗan shago ne, janareto na ruri a waje, an rataye farin ƙyalle a bango. Yaron da ke kan kwamfuta yana cewa, "Baba, ɗan ja hijabin baya, goshi ya fito. Kalli nan. Kada ki ƙifta." Sai a zo kan yatsu. Na manomi sun sha fartanya har zanen ya shafe, na mata lalle ya rufe, sai a ce a goga yatsan a goshi ya ɗan sami maiƙo a sake dangwalawa. A tambaye ta ranar haihuwa, ta ce shekarar da aka yi wata yunwa, yaron ya rubuta ɗaya ga Janairu. Ta karɓi 'yar takardarta ta ƙulle a bakin zane. Ba wanda ya gaya mata inda hoton ya tafi, ko wanda zai iya buɗe shi, ko ranar da za a goge shi. Ita ma ba ta tambaya ba, domin abin da ya kawo ta shi ne kada a rufe layin da ɗanta ke kiranta daga Fatakwal.

Kuma mutumin Kanya Babba ya riga ya tsaya a gaban na'urar gane fuska, ko bai san sunanta ba. A zaɓen 2023, in yatsa ya ƙi, fuskar mai zaɓe na'urar BVAS take dubawa. Amma a lura da bambanci, domin a kansa babin nan ya tsaya. A rumfar zaɓe kai ka kawo kanka, ka miƙa katinka, na'ura ta gwada fuskarka da hoto ɗaya tak, naka, don ta tabbatar kai ne. Kyamarar titi ba ta jiran ka miƙa komai. Tana ɗaukar fuskar duk wanda ya gifta, ta auna tazarar idanu da tudun kunci da faɗin haɓa da sauran siffofi, ta mayar da su jerin lambobi, ta shiga rumbu ta laluba cikin dubban fuskoki ko miliyoyi, ta fito da waɗanda suka fi kama. Ba ka sani ba, ba a nemi yardarka ba, kuma ba sai ka yi laifi ba.

Lambar mota daban, fuska daban

Ta ƙofar kiyaye haɗari kyamara take shigowa gari, kuma ƙofa ce mai kyau. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna nuna mutum sama da 5,000 na mutuwa a titunanmu duk shekara, gudun wuce sa'a kuma shi ne kan gaba cikin dalilai. Babu gidan da ba a taɓa zaman makokin haɗarin mota ba a ƙasar nan. A Legas akwai kyamarori masu karanta lambar mota. Ka keta danja ko takardunka sun ƙare, sai saƙon tara ya shigo wayarka, ba tare da wani ya tare ka ya ce ka kawo na goro ba. Direban da ya sha fama da 'yan KAROTA a Kano zai ce wannan ai ci gaba ne, kuma ban ga laifinsa ba. A Kano ɗin ma, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa kyamarori a wasu manyan tituna, da ɗakin lura da su a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai.

Ni ban ƙi kyamarar da ke kama mai tukin ganganci ba. Lambar mota dama don a karanta ta aka liƙa ta, kuma laifin gudu laifi ne da aka yi a bainar jama'a. Sai dai ko a nan akwai gyara. A wajenmu mota takan sauya hannu sau uku takardu na ɗauke da sunan mai ita na farko, don haka tara za ta je wa wanda ya sayar da ita tun shekaru biyar. Babura da yawa a ƙauye ba su da lamba ko kaɗan. Manya kuwa, kowa na ganin ayarinsu: lamba a rufe da jakar fata, gilashi baƙi wuluk, jiniya na kuka. Kyamara ba za ta ga komai a nan ba. Wanda za ta gani shi ne mai tsohuwar Golf da ke neman abin cefane.

To daga nan ne mai sayar da na'ura zai ce, ai ga magani: tun da lamba tana ɓoyuwa, a ƙara manhajar gane fuska. Falwayar ita ce, kyamarar ita ce, abin da aka ƙara ba ya ganuwa daga ƙasa. Amma aikin ya sauya gaba ɗaya. Jiya mota ake dubawa saboda ta yi laifi. Yau mutane ake dubawa, direba da fasinja da mai tallan rake a gefen titi, don a san su wane ne da inda suka nufa.

Alƙawarin tsaro, da abin da muka gani

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Wanda aka taɓa sace wa ɗan'uwa, ya sayar da gona da shanu ya kai kuɗin fansa daji, in ka ce masa ga na'urar da za ta gane ɓarawon, ba zai tsaya sauraron zancen sirri ba. Kazaure da Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da jihar Katsina, kuma mutanensu sun san abin da ya sami ƙauyukan yammacin jihar. Tsoron na gaskiya ne.

Abin tambaya shi ne, da aka karɓi bayananmu da sunan tsaro, me aka yi da su?

A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas. Mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na China. Da bam ya tashi a tashar Nyanya a Afrilun 2014, tambayar da ke bakin kowa ita ce, ina kyamarorin? Sandunan suna nan tsaye a titunan Abuja, an kwashe batura da faifan hasken rana na da yawa daga cikinsu. Majalisar Wakilai ta yi bincike. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Bashin kuwa na ƙasa ne, har da mutumin Kanya Babba da bai taɓa taka Abuja ba.

Haɗa layi da NIN ma da sunan tsaro aka kawo shi. An ce daga yanzu duk wanda ya kira neman kuɗin fansa, an san shi. Amma a Satumbar 2021 sai da aka katse sabis ɗin waya a duk jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna, wato aka rufe bakin kowa don an kasa gano bakin mai laifi. Har yau 'yan bindiga suna kira, suna ciniki, wasu ma suna fitowa a TikTok da fuskarsu a buɗe suna nuna damman kuɗi. A Janairun 2024, lokacin da sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a Abuja ya tayar da hankalin ƙasa, Pantami da kansa ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara. Matsalar ɗan bindiga ba ta rashin sanin fuskarsa ba ce. An san sunayen manyansu, an san dazuzzukansu.

Yanzu a dubi ɗaya gefen. A Yunin 2022 wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ya rubuta 'yar gajeruwar magana a Twitter a kan matar shugaban ƙasa na lokacin. A Nuwamba aka bi sawunsa har Dutse, aka ɗauke shi zuwa Abuja, aka gurfanar da shi, aka tura shi gidan yarin Suleja. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga, sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba. Ba ina kare abin da ya rubuta ba ne, wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin zuwa kotu. Abin lura shi ne ƙwazon da aka nuna wajen nemo yaro ɗaya cikin dubban ɗalibai. A 2020 Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya, CPJ, ya wallafa yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya suka kama abokan wasu 'yan jarida, suka sa su kira su don su fito a cafke su. A shekarar dai, bayan zanga-zangar EndSARS, Babban Banki ya samo izinin kotu ya rufe asusun banki 20 na masu hannu a cikinta. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Kanada ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamar suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kira. Wani rahoto na cibiyar IDS ta Ingila a 2023 ya ƙiyasta cewa Najeriya ta kashe aƙalla dala biliyan 2.7 a kan kayan sa ido tsakanin 2013 da 2022.

Idon gwamnati yana da kaifi a kan mai magana, yana da hakiya a kan mai bindiga. Wannan shi ne tarihin da muke da shi a hannu, kuma da shi ya kamata mu auna duk wani sabon alƙawari.

In na'ura ta yi kuskure

A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini 'yar asalin Ghana da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha, suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku wajen tantance ko fuska ta namiji ce ko ta mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35. A Disambar 2019 hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189, ta gano da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani in fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas ko gabashin Asiya, wani lokaci ninki goma har zuwa ɗari. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa, bisa zargin satar agoguna, saboda na'ura ta ce shi ne. Ya yi kusan awa 30 a tsare kafin a gane ba shi ba ne.

Shi ya sami lauyoyi da 'yan jarida. A kawo abin nan gida, cikin ƙurar hunturu, ɗan acaɓa ya naɗe fuska da rawani, hoton rajista kuma an ɗauke shi a shago mai duhu shekaru takwas da suka wuce. A ƙara da cewa sunayenmu suna maimaituwa: Musa Ibrahim nawa ne a ƙaramar hukumar Babura kaɗai, kuma nawa ne cikinsu aka rubuta wa ɗaya ga Janairu? In kwamfuta ta ce kai ne, ɗan sandan da ke gabanka ba zai yi musu da ita ba. Kafin a gane kuskure an yi watanni ana jiran shari'a, an sayar da ɗan abin da ake da shi wajen neman beli, gari kuma ya riga ya ji an kama wane da laifin garkuwa da mutane.

Gaskiya ne manhajojin sun ƙara ƙwarewa tun daga lokacin. Amma wannan bai kwantar mini da hankali ba. Na'urar da ke kuskure tana cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Wadda ba ta kuskure kuwa tana ba mai mulki ikon da babu wani sarki ko gwamna da ya taɓa samu a ƙasar nan. Amnesty International ta bayyana a 2023 yadda sojojin Isra'ila ke amfani da irin wannan tsari a shingayen birnin Hebron, inda fuskar Bafalasɗine ke yanke masa hukuncin wucewa ko komawa. A yankin Xinjiang na China an yi amfani da shi wajen bin diddigin Musulmi 'yan ƙabilar Uighur. A nan Afirka, Uganda ta sayi kyamarorin Huawei na kusan dala miliyan 126 da sunan yaƙi da miyagun laifuka, sannan bayan tarzomar da ta biyo kama ɗan adawa Bobi Wine a Nuwambar 2020, 'yan sanda suka ce da su suka gano ɗaruruwan waɗanda suka kama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin yi.

Mai kaza a aljihu

Amsar da aka fi ba mai irin wannan magana ita ce, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba ka da abin ɓoyewa, me ya dame ka?

Wannan amsa ba ta dace da yadda muke rayuwa ba. Bahaushe ya gina gidansa da zaure, bayan zaure shigifa, kafin a kai cikin gida, ba don yana dafa haram a ciki ba. Baƙo yana tsayawa a waje ya yi sallama, a aiko yaro ya ce ana zuwa. Addu'ar da muke yi wa juna kullum ita ce Allah ya rufa asiri, kuma mai yin ta ba ɓarawo ba ne. Magidanci ne da ba ya so a san ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, ko yana da ciwon da bai gaya wa kowa ba, ko ya je neman rance.

Addini kuma bai bar wannan ga al'ada kaɗai ba. Suratul Hujurati ta hana bin ƙwaƙƙwafin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da izini da sallama ba. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya haura katangar wani gida da dare ya sami mai gidan cikin saɓo. Mutumin ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, amma Halifa ya yi uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba. Umar ya karɓi maganar ya fita. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, da yake bayanin aikin mai hisba a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya hana shi tono abin da ke ɓoye, sai in amintaccen mutum ya kawo labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar an keɓe da wani za a kashe shi. Ka ga ƙa'idar: sai da dalili, a kan mutum sananne, don hana cuta sananniya. Ba a yarda a sa kowa a ƙarƙashin zargi don wataƙila a dace da mai laifi ba.

Za a ce titi ai ba ɗaka ba ne, duk wanda ya fito an gan shi. Haka ne, gani ɗaya ba komai ba ne. Amma a tara gani dubu a jera su da rana da lokaci, sai ga rayuwar mutum a shimfiɗe: masallacin da yake Juma'a, malamin da yake zuwa karatu wurinsa, asibitin da yake zuwa Kazaure duk wata, gidan ɗan siyasar da ya shiga da dare, ranar da matar wane ta je kotu ita kaɗai. Mutanen bakin iyaka suna da ƙarin abin dubawa. Gida ɗaya ne rabi a Babura rabi a ƙasar Magarya, ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, zumunci kuwa bai tsaya ba. Jami'in da ya san gari yana iya bambance mai fasa-ƙwauri da mai zuwa gaisuwar mutuwa. Rumbun bayanai abin da zai rubuta wa su biyun ɗaya ne.

Ba wai ba mu san sa ido ba. Mai unguwa yana sanin baƙon da ya sauka, ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har magana ta isa fadar Ringim ko ta Kazaure. Tsari ne mai amfani, kuma da an riƙe shi da kyau da wasu miyagun ba su sami mafaka ba. Amma mai unguwa kana ganinsa kamar yadda yake ganinka. Ka san ƙofar gidansa, kuna haɗuwa a jana'iza, yana jin kunya, yana mantuwa, in ya zalunce ka akwai na gaba da shi. Duk da haka ma, dattawan da suka ga zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sun san abin da wannan tsari ya zama a hannun En'e: a rubuta sunan wanda ya je lacca, 'yan doka su zo da asuba, alƙali ya ɗaure. Abin da ya rage wa talaka a lokacin shi ne ɗan doka ba zai iya haddace fuskar kowa a taro ba. A watan Agustan 2024 matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Jigawa har aka sa dokar hana fita, kuma a Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana suna faɗuwa a kotun Abuja bayan watanni a tsare. Duk wanda ya ga wannan hoto ya tambayi kansa abin da zai faru ranar da za a iya fitar da sunan kowane mutum da ke cikin taro kafin ya isa gida.

Abin da doka ta ce, da inda ta yi shiru

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma sa bayanan jiki irin su fuska da zanen yatsa cikin masu bukatar tsananin kulawa. Doka ce mai kyau, kuma ta fara cizo: a 2024 hukumar ta ci wani banki tarar sama da naira miliyan 555. Sai dai dokar ta ɗauke wa hukumomi yawancin wajibanta in aikin na binciken laifi ne ko tsaron ƙasa, kuma a ƙasar nan babu abin da ba a iya rataya wa wannan suna. Ƙungiyar Tarayyar Turai, a dokarta ta 2024, ta hana 'yan sanda gane fuskokin jama'a kai tsaye a wuraren taruwa, sai a wasu 'yan lokuta da ta ƙayyade, kamar neman wanda aka sace ko hana harin ta'addanci, kuma da izinin alƙali ko wata hukuma mai zaman kanta. Wannan ya fi kusa da maganar Mawardi fiye da abin da muke yi.

Ga kuma batun riƙon amana. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa na lokacin da kansa don ta nuna girman ɓarakar. NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, sun fita. Lambar sirrin banki in ta fallasa ana sauya ta. Fuska ba a sauya ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wata gwamnati a Dutse ko Kano ta sa hannu a wata sabuwar kwangilar kyamarori, majalisar dokokin jiha ta rubuta a doka cewa kyamarar titi lambar mota za ta karanta, kuma hoton wanda bai yi laifi ba a goge shi cikin 'yan kwanaki. In ana neman fuskar wani, a je gaban alƙali da sunansa da dalili. Duk jami'in da ya buɗe rumbu sunansa ya zauna a rubuce, wanda ya buɗe don budurwa ko abokin gaba ko uban gidansa na siyasa a ɗaure shi. A buga kuɗin kwangila da sunan kamfani kowa ya gani, a kuma riƙa faɗa wa jama'a duk shekara mutum nawa aka ceto da na'urar, nawa aka kama bisa kuskure. Motar gwamna da ta kwamishina su fara buɗe lambarsu.

Kai kuma mai karatu, dokar 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar banki ko kamfanin waya abin da suka ajiye a kanka da wanda suka ba, da haƙƙin a gyara in an yi kuskure, da kai ƙara ga NDPC in an ƙi. Kada ka miƙa takardar NIN ɗinka ko ta mahaifiyarka ga duk wanda ya zo gari da alƙawarin tallafi ba tare da ka san wanda ya aiko shi ba. Ranar da ɗan majalisarku ya zo gida neman ƙuri'a kuma, bayan taki da ruwan sha, ku tambaye shi wa ke da izinin duba fuskokinku, kuma wa ke hukunta shi in ya ci amana.